TARIHIN MARIGAYIYA DOKTA LADI KWALI, GWANAR ZANE A KAN YUMƁU

Duk wanda ya taɓa karɓar canjin naira ashirin, ko a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko a Sabo ta Badun, ko a tashar motar Anaca, ya riƙe hoton wannan mata a hannunsa ko da bai lura ba. A gaban takardar akwai marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda kowa ya sani. A bayanta kuwa akwai wata mata ta duƙufa a kan aikin tukunya, ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙauyen Kwali ta ƙasar Gwari, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dokta. Ga tarihinta nan a taƙaice, musamman domin 'ya'yan mutanen Arewa mazauna Kurmi waɗanda Allah ya ba su hannun zane, da kuma iyayensu da ke ganin zane wasan yara ne.

ASALINTA

An haifi Ladi a wajejen 1925 a Kwali, wani ƙauye da ke kan hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lakwaja. A yau Kwali tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Mutanen wurin su ne Hausawa ke kira Gwarawa, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Sunan Ladi irin sunan rana ne da ake sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, Kwali kuwa sunan garinsu ne aka liƙa mata, kamar yadda aka saba a Arewa.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Yarinya takan tashi ta tarar da uwarta ko gwaggonta suna yi, ta fara da ɗebo yumɓu da tankaɗe shi da kwaɓawa, kafin a bar ta ta taɓa tukunya. Haka Ladi ta koya, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba su da inji. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta sunkuya ta riƙa zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan yumɓun sama, tana ƙara masa wani da ta murza kamar igiya, har randa ta tashi da cikinta da wuyanta da bakinta. Watau a nan tukunya tana zaune ne wuri ɗaya, mai ginin ita ke juyawa. In aka ga irin daidaiton randar da aka yi ta haka sai a yi zaton an auna ta da ma'auni, alhali kuwa ido ne da hannu kawai.

In tukunya ta sha iska, kafin ta bushe sarai, sai a yi mata ado. Akan murza guntun igiya tuƙaƙƙiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga a jikinta, ya bar sawu a jere kewaye da ita. Sa'an nan a ɗauki wani ɗan abu mai kaifi a tsaga zane. Bayan ta bushe a tara tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Suna da zafi akan yayyafa masu ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, ya ba su duhu da ƙyalli. Randar da aka gasa ta haka tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busa, abin da ke ciki ya yi sanyi. Wannan shi ne amfaninta ga mai gida.

A wajen adon nan ne Ladi ta yi wa tsararrakinta zarra. Sauran mata suna yin layuka da ɗigo-ɗigo masu kyau, ita ma tana yi, amma ta fi shahara da zanen dabbobi: ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kunama, da maciji, da kifi, da tsuntsu. Duk halittun da take gani ne a gona da rafi da bangon ɗaki. Kwanci tashi sunanta ya wuce Kwali, har tukwanenta suka isa gidan Sarki.

SARKIN ABUJA DA BATUREN TUKWANE

Abujar da ake magana a nan ita ce garin da yanzu ake kira Suleja, a Jihar Neja. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, aka kuma sa mata sunan Abu Ja, wanda ya gina garin a 1828. Sarkin da ke kan gado a zamanin Ladi shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Mutum ne mai ilmin zamani, ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin malanta kafin ya hau gado. Yana da sha'awar aikin hannu na talakawansa, ya tara tukwanen Ladi da dama ya ajiye a gidansa domin kyansu.

A 1950 Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew aikin jami'in tukwane. An haife shi a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya bar hanyar ofis ya tafi ya koyi ginin tukwane wurin Bernard Leach, wanda shi ne babban gwanin wannan sana'a a Ingila a lokacin. Kafin ya zo Nijeriya ya yi shekaru a ƙasar Gana, wadda a sa'an nan ake kira Gwalkwas, a Achimota da kuma Vume a bakin kogin Volta. Da ya iso sai aka tura shi ya zagaya ƙasa ya ga inda ya dace a kafa makarantar koyar da yin tangaram, domin a rage sayo faranti da kofi daga Turai. A cikin wannan rangadi ne ya sauka a gidan Sarkin Abuja, ya ga tukwanen nan, ya tambayi wanda ya yi su.

Abuja ta dace da bukatarsa, domin akwai yumɓu mai kyau, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma Sarki mai goyon baya. Aka buɗe makarantar a 1952. Da fari maza kaɗai aka ɗauka, Hausawa da Gwarawa da wasu daga lardunan Arewa. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko, tana da kimanin shekara talatin, kuma ta riga ta zama gwana a sana'arta.

ABIN DA TA KOYA DA ABIN DA TA RIƘE

A makarantar ta koyi abubuwan da ba a sani ba a Kwali. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa wanda ake turawa da ƙafa. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli na tangaram daga toka da garin dutse da yumɓu. Ta koyi gashi a rufaffen tanderu, inda zafin wuta ke wuce digiri 1,200, kusan ninki biyu na wutar ciyawa. Ta yi faranti, da kwanuka, da kofuna, da butocin shayi. A kan waɗannan takan tsoma abin cikin ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa, in ya ɗan sha iska ta ɗauki ƙayar beguwa ta tsaga zane, launin da ke ƙasa ya bayyana.

Amma fa ba ta yar da ginin gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana zagaya su kamar yadda ta koya tun tana yarinya, sai dai yanzu da yumɓun da zai jure babbar wuta. Bayan ta tsaga ƙadangarunta da kifayenta sai a cike tsagar da farar ƙasa, a shafe randar da ruwan ƙyalli mai garai-garai, a sa a tanderu. In ta fito sai ka ga zanen fari yana haskakawa ta ƙarƙashin ƙyalli mai duhun kore ko ruwan ƙasa. Ba a taɓa ganin irin wannan ba, ko a ƙasar Gwari ko a Ingila. Waɗannan randuna su ne suka kai sunanta duniya.

To, a nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa, domin masana sun daɗe suna muhawara a kansa. Randar da aka gasa da babbar wuta aka kuma shafe ta da ƙyalli ta yi nauyi, kafofinta sun toshe, ba ta sanyaya ruwa kuma. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Saboda haka ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo, masu sayenta kuwa galibi Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Burin gwamnati na samar wa talaka tangaram mai araha bai cika yadda aka so ba, domin kwanon sha na kanti da ake shigowa da shi ya fi sauƙi. Wasu suna ganin an raba sana'ar da masu ita. Wasu kuwa suna ganin da ba don haka ba, da tukwanen Ladi sun farfashe a bakin rijiya kamar na dubban mata da suka riga ta, ba wanda ya san sunansu. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma duk mai son ya ci abinci da zane a yau zai gamu da wannan tambaya, ko wa yake yi wa aiki.

TAFIYE-TAFIYE DA LAMBOBIN GIRMA

An nuna kayan makarantar Abuja a wani gidan nuni da ake kira Berkeley a London a 1958, da 1959, da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo. An kuma nuna aikinta a bukukuwan samun mulkin kai na 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta kuma je Faransa da Jamus. A makarantun koyar da zane da gini takan ɗaura zanenta ta sunkuya ta gina randa tun daga curi har baki a gaban ɗalibai da malamansu, sa'an nan ta zane ta suna kallo. Ba ta bukatar tafinta a wannan aiki. A wannan lokaci ne aka ba ta lambar girma ta Ingila wadda ake kira M.B.E.

Cardew ya bar Abuja a 1965, wani Bature mai suna Michael O'Brien ya karɓi makarantar. A 1972 Ladi da Cardew da Kofi Athey, wani magini mutumin Gana da ya daɗe yana aiki a Abuja, suka zagaya Amurka suna nuna sana'arsu a jami'o'i da kwalejoji, har da na baƙaƙen fata. Daɗin daɗawa, shigarta makarantar ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa duk sun biyo bayanta, kowace da irin hannunta.

A gida ma ba a bar ta a baya ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dokta. A 1980 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda ake keɓe wa masu zurfin ilmi da fasaha, a 1981 kuma aka ba ta O.O.N. Ana cikin haka garin da ta yi suna a cikinsa ya sake suna, domin bayan Gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuwa aka kira shi Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Cardew ya mutu a 1983. Ladi ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984. An sa wa makarantar tukwanen sunanta, haka kuma wani titi a Abuja. A 2007 aka sa hotonta a bayan naira ashirin.

DARASI GA MASU KOYON ZANE

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai koyon zane da fenti da maginiyar tukwane? Amsa ita ce, randar Ladi takarda ce a wurinta, kuma takarda mai wuyar sha'ani, domin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wanda ya zauna ya dubi randa ɗaya da kyau zai ga abubuwa uku.

Na farko, tana raba fili kafin ta fara. Takan ja layuka daga wuya zuwa gindi, ta yanka cikin randar gida-gida, kowane gida da dabbarsa, tsakaninsu kuma ginshiƙi na ƙananan layuka. Ko ta wane gefe ka zagayo za ka tarar da cikakken hoto. Wannan shi ne abin da malaman zane ke shan wahalar koya wa ɗalibai, watau mutum ya san inda kowane abu zai zauna kafin ya sa fensir.

Na biyu, ta san dabbar kafin ta zana ta. Ƙadangarenta a baje yake kamar yadda ake ganinsa a jikin bango, ƙafafu huɗu a ware, wutsiya ta lanƙwasa ta cike sauran fili. Ba ta ƙirga ɓawon jikinsa ɗaya ɗaya ba, ta ɗauki abin da ya sa ƙadangare ya zama ƙadangare ta bar saura. Mutum ba ya iya rage abu haka sai ya daɗe yana kallonsa.

Na uku, hannunta ba ya rawa. Ba ta yin gwaji a takarda tukuna, kuma wanda ke tsaga zane a kan ruwan ƙasa da ƙayar beguwa ba shi da abin gogewa. Layi ɗaya ne, in ya tafi ya tafi. Irin wannan tabbaci ba ya samuwa sai da maimaici na shekaru, don haka Hausawa suka ce yau da gobe ta fi ƙarfin wasa.

Abin sha'awa, a daidai lokacin da Ladi ke wannan aiki a Abuja, wasu samari a Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna fama da wannan matsala ta wata fuska. A 1958 Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya. Malamansu Turawa ne, darussan kuma na Turai ne. Ra'ayin samarin shi ne a karɓi dabarun Turawa na fenti da burushi, amma kowa ya koma garinsu ya nemo zanen iyayensa ya haɗa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo daga baya ya shugabanci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba a nan Ikko. Abin da waɗannan suka tsara a takarda, Ladi ta riga ta yi shi a kan yumɓu.

INDA ZA A GA AIKINTA

A zamanin Ladi sai wanda ya je Abuja ko London ke ganin aikinta. Yanzu kuwa abin ya zo tafin hannu. Gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a London, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales duk suna da tukwanenta, sun kuma sa hotunan kayansu a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Akwai kuma tsofaffin finafinai da ke nuna yadda take zagaya randa. A 2022 an yi wani babban nuni a London mai suna Body Vessel Clay wanda ya fara da aikinta, a cikin watan Maris na shekarar kuma kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Saboda haka yaron da ke Agege, da ɗan'uwansa da aka bari a gida a Ajilari ta Maiduguri, in dai akwai waya a hannu, duk suna iya buɗe randa ɗaya su faɗaɗa hoton su kwaikwayi ƙadangaren da fensir ko da gawayi.

Sai dai kwaikwayo matakin farko ne kawai. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, da kwaikwayon hotunan jaridu da littattafan Turawa ya koya wa kansa zane kafin ya tafi London karatu a 1920, amma hotunan mutanen Ikko da ya zana su ne suka ɗaukaka shi. Yaron Ajilari yana da nasa Kwali a ƙofar gida. Akwai ɗinkin hular Zanna Bukar, da zayyanar allo da ta Alƙur'ani wadda aka san malaman Barno da ita tun zamanin da, da ƙunshin lalle na mata, da adon ƙwarya da tabarma. Duk waɗannan darussa ne na raba fili da daidaita layi da haɗa launi. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyar da zane, haka ma Zariya da Yaba, ga wanda ya samu hali.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da bai yi daɗi ba. Jaridu sun sha ba da labarin yadda makarantar tukwane ta Suleja ta lalace bayan rasuwar Ladi, tanderu ya mutu, masu koyo suka watse. Robobi da firji sun kori randa daga gidaje da yawa, 'yan mata kaɗan ne ke zama su koyi ginin hannu. Mafi kyawun randunan Ladi suna ƙasashen waje, masu kuɗi suna sayensu da tsada a wuraren gwanjo. In ana so a sake samun irinta, sai an sake samun irin abin da ta samu: babba a gida da ya zaunar da ita ya koya mata, da shugaba irin Sarki Sulaimanu Barau da ya ga aikin talaka ya san darajarsa, da makarantar da ta ƙara mata sabuwar dabara ba ta raba ta da tata ba. Na farkon nan yana hannun iyaye. Uban da ya tarar da ɗansa yana zane a bayan littafin lissafi, ko uwar da ta ga 'yarta tana tsaga hoto a ƙasa da tsinke, su dubi abin da kyau kafin su tsawata.